Tare Ta! Ina Shirin Karya Ƙafar Ƙanena

Tanti Balki, don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki tsine mini. Na san in kika ga abin da nake shirin yi za ki ce mahaukaci ne ya rubuto, wataƙila ma haka ne. Ba ni da wanda zan gaya wa, don duk wanda na buɗe wa baki a garinmu dariya yake farawa tun ban kai ga magana ba. Kada ki sa sunana. Ko da yake aikin banza ne, duk mai waya tsakanin Magarya da Dungas ya san ni, ya ma ga guduna.

Mu masu shanu ne, muna kuma noma, rugarmu tana wajen Yekuwa. Wanda ya tashi a irin gidanmu ya san da damina babu abin tsoro kamar saniya ta ɓalle ta nufi geron mutane. In haka ta faru, Baffa, mahaifina ke nan, ba ya dogon bayani. Ihu ɗaya ne: "Tare ta!" Kana ji ka yar da abin da ke hannunka, ka bi gefen gona a guje, ka sha gaban saniyar kafin ta kai baki. Ba ka tambaya, ba ka waiwaye, don in ka tsaya kallo an riga an yi ɓarna, kuma kai za ka sha sanda. Da wannan ihu na koyi gudu, kuma wallahi na iya shi.

Ina kolej aka yi wani wasa tsakanin lekwal ɗinmu, makarantarmu ke nan, da wata lise, wato babbar sakandare, ta Magarya. Malamin wasanninsu, Mushe Harouna (mu nan malamin lekwal Mushe muke ce masa), ya kira ni bayan an tashi, ya tambaye ni inda na samo waɗannan ƙafafu. Ni kuma da wautata na ba shi labarin Baffa da shanu da "tare ta". Ya yi dariya har da riƙe ciki. Bayan na ci birbe, jarrabawar gama kolej, shi ya yi ta kai da kawo har aka kai ni lise ɗinsu, ya sauke ni a ɗakin zauren gidansa. A lokacin gani nake babu wanda Allah ya yi wa gata kamata.

Tanti, duk shekarun da na yi a hannun mutumin nan abu ɗaya ya koya mini. In tsaya a gefen dama, a bakin layi, in sunkuyar da kai, in kasa kunne. Akwai wani Faruku, ɗan wani ma'aikacin gwamnati, shi ke buga tsakiya. Da ƙwallo ta zo ƙafar Faruku, sai Mushe ya cika baki daga waje: "Tare ta!" Ni kuma in kwasa, Faruku ya dako ta can lungu. Filayenmu rairayi ne, in doguwar ƙwallo ta faɗi nan take zama ta jira ka kamar tulu. Kafin mai tsaron bayansu ya juya na isa, ko in buga raga ko in aika tsakiya. Shi ke nan wasan, babu wani.

In na ɗaga kai in duba inda 'yan wasanmu suke, sai ya daka mini tsawa: "Wa ya ce ka kalla? Ni ne idonka!" Ranar da na gwada bugu da hagu ya ce in bari, ƙafar hagu ta shiga bayan gida ce. Yanka kuwa haramun ne, ya ce wannan aikin 'yan gari ne masu son a tafa musu. Satar gida, abin da muke ce wa orje, sunanta kawai na sani. A gasar lekwal-lekwal wa zai busa ta? Layin ma sai ranar wasan ƙarshe ake ja da toka, mai tutar gefe ɗan ajinmu ne riƙe da rigarsa, alƙalin wasa kuma abokin shan shayin Mushe. Da wannan dabara muka ci Waca, muka ci Mallawa, muka ci Dungas a filinsu, muka je har Damagaram. Kofunan suna nan a ofishin shugaban lise, in kin je za ki gan su.

Aji kuwa, ke dai bari. Ranar jarrabawar aji ina fili ina gudu. Mushe ya bi malamai ya yi musu magana, maki ya fito, in wuce gaba. Sai dai ita bak, jarrabawar gama lise, ba ta san Mushe Harouna ba. Na zauna na faɗi, na sake zama na sake faɗuwa. Ya ce kada in damu, mai ƙafa irin tawa ba ya buƙatar takarda.

Bara wani ɗan kasuwa, kawun Faruku, ya samar mana gwaji a wani kulob na ƙwararru a tsallaken iyaka, ni da Faruku. 'Yan kabu-kabu suka raka mu tasha a kan baburansu suna ta danna oda, Inna ta ɗauro mini man shanu a gwangwani. Kowa cewa yake ni za a ɗauka, Faruku rakiya zai yi.

Filin ciyawa ne, an jiƙa shi da ruwa. Ƙwallon da na saba ta jira ni, can sulɓewa take ta fice tun ina rabin hanya. Ranar farko na je gefen dama na tsaya, na sunkuyar da kai, ina jiran kira. Shiru. Kocin ya tsayar da wasa ya tambaya ko dasa ni aka yi a wurin. Daga nan na fara gudu da ka, duk sa'ar da na ga kamar ya dace. Ina rugawa tuta tana tashi. Masu tsaron bayansu sai ɗaya ya ɗaga hannu su taka gaba gaba ɗaya su bar ni ni kaɗai a bayansu, ban ma gane da gangan suke yi ba sai daga baya. Aka ce in dawo baya in taimaka wa tsaro, ban san wa zan bi ba. Aka ba ni ƙwallo ina juye da baya ga raga, aka ƙwace. Aka mayar da ni gefen hagu, na rasa yadda zan yi da ƙafafuna. Faruku kuwa duk ya san waɗannan abubuwa, ashe duk hutun bakans da yake zuwa wajen kawunnansa a Kano horo yake yi, bai taɓa gaya mini ba.

Shi ne kuma ya sayar da ni. A masaukinmu, don ya samu shiga wajen yaran kulob ɗin, ya ba su labarin "tare ta" daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon muryar Mushe. Ban sani ba, ina ganin suna kallona suna ƙyafta wa juna ido.

Ranar wasan gwaji na ƙarshe manyan kulob suna zaune a rumfa. Wani ya faɗi a can wajen ragarmu, aka tsayar da wasa ana ba shi ruwa. Ni ina gefena, kaina a ƙasa, ban lura ba. Sai wani mai tsaron baya ya matso kusa da kunnena ya saki ihun nan, sak muryar Mushe. Tanti, wallahi ban yi niyyar gudu ba, ƙafafuna ne suka tafi da ni. Na kwasa iyakar ƙarfina har tutar lungu. Da na ɗago kai babu ƙwallo, babu kowa. 'Yan wasa suna zaune a ciyawa da robobin ruwa a hannu, wasu sun kwanta suna birgima don dariya. Har manyan da ke rumfa suna share hawaye. Kocin bai ma yi mini magana ba, kawun Faruku ya kalla ya ce, "Alhaji, ku mayar da shi inda kuka samo shi. Wannan ba ɗan ƙwallo ba ne, karen farauta ne, sai an sake shi yake tafiya." Faruku suka riƙe, yana can har yanzu.

Wani ya ɗauki abin a waya. Bidiyon ya riga ni isa Magarya, an ma ɗora masa kukan saniya. 'Yan kabu-kabun da suka raka ni da oda su suka tarbe ni a tasha da "Tare ta!" Ranar kasuwa ba na iya ratsawa, daga mai awara har mai yankan farce kowa ya iya. Akwai yarinyar da nake nema, Saliha, iyaye sun san da maganar. Na je zance, ƙannenta suka yi mini ihun ta bayan danga, ita kuma ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Ban sake komawa ba, ita ma ba ta aiko ba. Abin da ya fi ci mini rai, har yau in aka yi ihun ƙafata ta dama sai ta zabura kafin in riƙe ta. Sun gane haka, shi suke jira su gani.

Na je wajen Mushe Harouna, ina tsammanin ko haƙuri zai ba ni. Na same shi yana shan shayi da malamai a gindin bishiyar bedi. Na ce masa duk abin da aka tambaye ni a can babu ko ɗaya da ya koya mini. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ni kofi aka ce in kawo wa lekwal, na kuma kawo. Yaushe na ce maka ni kocin Turai ne? Faruku ba a hannuna ya tashi ba? Kanka ne babu komai a ciki." Na juya zan tafi, sai ya faɗi kalmar nan a hankali, kamar mai yi wa kansa magana. Ƙafata ta zabura. Malaman da suka ba ni makin ƙarya suka tuntsire da dariya.

Na koma ruga. To ga inda maganar take, Tanti. Ina da ƙane, Nafi'u, shekararsa goma sha biyar, bana ya ci birbe da makinsa na gaskiya. Yaron nan ya fi ni gudu. Da daminar nan wata saniya ta ɓalle ta nufi waken wani maƙwabcinmu, Baffa ya yi kiran tsakaninsa da Allah, ni kuma na dafe ƙafata na ƙi motsi, don na rantse ba zan sake yi wa wannan kalma gudu ba. Nafi'u yana can nesa wajen rijiya, ya taso ya wuce ni kamar ina tsaye, ai kuwa tsayen nake, ya tare ta. Na ce miki ya fi ni gudu, ko lokacin da nake kan ganiyata bai kamata in jera da shi ba.

Ban san wanda ya kai wa Mushe labari ba. Sai ga shi a kan babur da ganyen shayi da sukari, ya zo gaida Baffa. Ya fito da ƙwallo daga buhu, ya dake ta can gefen saura, ya yi ihun. Nafi'u ya kwasa yana dariya. Mushe ya dubi Baffa, ina zaune a wurin, ya ce, "Wancan ƙafa ce kawai. Wannan da alama har da kai." Baffa ya ji daɗi, ya ce in an koma lekwal a watan Oktoba ya ba shi yaron, ya zauna a zauren nan da na zauna.

Na yi wa Baffa bayani, ya ce hassada ce, in ji kunya. Inna ta ce in bar wa Allah. Na ja Nafi'u gefe na gaya masa duk abin da zai same shi. Kin san abin da yaron nan ya ce mini? Ya ce, "Yaya, ka kwantar da hankalinka, ni ba zan ruga inda babu ƙwallo ba." Yaron da na goya a bayana.

Ga abin da nake shirin yi. Da yamma samarin ruga muna buga ƙwallo a wata saura, yawancinsu ba takalmi. Ni ina da takalmin ƙwallon da na je gwaji da shi, mai haƙora a ƙasa. Abu ɗaya da na koyo a can shi ne yadda ake taka idon sawun mutum a ce tsautsayi ne, don an yi mini na gani. In na yi masa sau ɗaya da kyau, akwai maɗori a Yekuwa, zai ɗora shi. Zai yi ɗan ɗingishi, Mushe ba zai sake kallonsa ba, zai yi karatunsa ko ya yi kiwonsa, babu mai ɗora masa kukan saniya. Kwanan nan na sa takalmin na shiga fili, na bi shi, na kai ƙafa, sai ya zille mini, don na gaya miki ya fi ni gudu. Ya juyo yana dariya, bai san komai ba.

Shin wannan ba tausayi ba ne? Ciwon wata biyu da wulaƙancin dukan rayuwa, wanne ya fi? Lekwal ta kusa buɗewa. Ki ce mini in yi ko in bari, abin da kika ce shi zan yi, ba zan tambaye ki dalili ba.

Wanda ake yi wa kira, daga wajen Yekuwa.

*

Ɗana,

Kafin ka karanta sauran, tashi ka ɗauki takalmin nan ka kai wa Inna, ka ce ta sa a ƙasan akwatinta ta kulle. Ba sai ka gaya mata dalili ba. In ka dawo mu ci gaba.

Ba tausayi ba ne. Ƙashi ba a karya shi da awo, kuma idon sawu ba sandar kiwo ba ce da za a ɗaure da tsumma ta koma daidai. Kai da kanka ka ce rayuwar gidanku a ƙafa take. Wanda ba ya iya shan gaban saniya, wane kiwo zai yi? Kana so ka nakasa yaro mai shekara goma sha biyar da gangan, ka bar shi yana yi maka godiya don ka ɗauke shi ka kai shi wajen maɗori. Wannan zalunci ne a wurin Allah, laifi ne a wurin hukuma. Kuma irin wannan ba ya ɓoyuwa a ruga. Yau sunan da ake kiranka da shi na dariya ne. Wanda za a sa maka bayan wannan, babu mai dariya in ya faɗe shi.

Ka sake karanta wasiƙarka ka ga sau nawa ka gaya mini Nafi'u ya fi ka gudu, alhali ban tambaye ka ba. Na yarda kana son yaron nan, na yarda kana jin tsoron abin da zai same shi. Amma Baffa bai yi ƙarya duka ba. Ba ranar da Mushe ya zo da sukari ka sa takalmi ba, sai bayan Nafi'u ya gaya maka maganar da ta soke ka. Maganar ta yi muni, amma yaro ne, bidiyon da kowa ya gani shi ma ya gani. Abin da kake tsoro kashi biyu ne: kada ya faɗi kamar yadda ka faɗi, da kada ya yi nasara inda ka faɗi. Takalmin nan na biyun yake yi wa aiki.

Yanzu Mushe Harouna. Zan faɗi abin da ke gefensa, ko da ba ka son ji. Malamin wasanni ne a lise, da ƙwallo ɗaya ko biyu da ɗaruruwan yara, kuma da kofi ake auna shi. Ƙungiyar lekwal ba wurin horar da ƙwararru ba ce, ba a ba shi ciyawa ba, ba a ba shi masu tuta ba. Ya ga dabarar da ke cin wasa a rairayi, ya kama ta. Har nan ina iya yi masa uzuri. Daga nan kuma babu. Koya wa yaro satar gida ba ya buƙatar komai sai sanda da za a ja layi a ƙasa. Barin yaro ya buga da hagu ba ya cin ko sisi. Mutumin da ya ce wa yaro "ni ne idonka" ba talauci ne ya sa shi ba, so yake yaron ya zama ba ya amfani sai a hannunsa. Ya ci moriyar ƙafarka, ya hana ka aji, ya bar ka ka tafi gwaji ya san sarai abin da ba ka sani ba. Abin da ya yi maka a gindin bedi kuwa, wannan ba malami ba ne a ranar. Malaman da suka ba ka maki suka kuma yi dariya, da su da Faruku, kowa da kasonsa.

Kai ma akwai naka, kaɗan ne amma akwai. Shekaru kana Magarya, gidajen kallon ƙwallo a kowace unguwa, kana ganin ana ɗaga tuta, ba ka taɓa tambayar kowa dalili ba. Ana tafa maka, ka ga ya isa. Ba don in ƙara maka ciwo na faɗa ba. Don Nafi'u na faɗa, tafin nan shi ma zai ji daɗinsa.

Kada ka yi ƙoƙarin hana shi lise. Yaron da ya ci birbe da makinsa ya cancanci ya wuce, kuma in ka tsaya a kan hanawa kullum kai ne mai hassada. Abin da za ka nema shi ne sharaɗi. Ka samu wani babba da Baffa ke jin maganarsa, kawunku ko hardonku, ka zaunar da shi ka gaya masa komai cikin natsuwa, ban da maganar ƙwallo da yawa. Ka gaya masa maganar maki da bak, wannan kowane dattijo zai gane ta. Su sa Baffa ya ce yaron ba zai zauna a zauren Mushe ba, a nemi gidan dangi ko na wani amini a Magarya. Ranar jarrabawa yana aji, ba fili ba. Duk ƙarshen zango kai za ka je ka ga malaman ajinsa da kanka, tunda ka san yadda makin ƙarya yake kama. In Mushe ya ce bai yarda da haka ba, to ya nuna wa Baffa abin da yake so da yaron, ba sai ka ƙara komai ba. Akwai kuma ƙungiyar iyayen yara a kowace lise, ba don ado aka kafa ta ba.

Sannan ka san wani abu? Duk faɗin Yekuwa babu wanda ya taɓa tsayawa a gaban kocin ƙwararru ya ji abin da suke nema sai kai. Ka sha wuya kafin ka sani, amma ka sani. Ka lissafo mini su da kanka: tuta, ƙafar hagu, dawowa baya, karɓar ƙwallo kana juye, duba kafaɗa kafin ka motsa. Nafi'u bai san ko ɗaya ba, Mushe kuma ba zai koya masa ba. Ka kai shi saurar nan ba takalmi, ka ja layi da sanda, ka jera samarin ruga su riƙa takawa gaba tare su bar shi a baya, har ya ji haushin da ka ji, amma a gida, inda babu mai ɗauka a waya. Ka ajiye ƙwallo a ƙarƙashin ƙafarka, ka cika baki ka yi masa ihun nan. Zai ruga. Ka kira shi ya dawo, ka nuna masa ƙwallon tana nan inda take. Zai ji kunya, zai yi fushi da kai, bar shi ya yi. Ka kuma sa shi ya riƙa yi maka ihun kana tsaye, don ƙafarka ta saba da jin sa ba ta tafi ba. Ranar da ka yi kiran, yaron ya ɗago kai ya duba fili kafin ya motsa, ka karɓe shi daga hannun Mushe ko da a ƙungiyarsa yake bugawa.

Mutanen gari ba zan yi maka alkawarin za su daina gobe ba. Za su yi har sai ƙafar ta daina ba su abin da suke jira. Saliha kuwa, wadda ta yi dariya a bayan gyale ranar da ka fi buƙatar ta ɗaure fuska, ka gode wa Allah da ka gani da wuri.

Layin ƙarshe na wasiƙarka ya fi takalmin ba ni tsoro. Ka ce abin da na ce shi za ka yi, ba za ka tambayi dalili ba. Wato da na ce ka yi, da ka karya shi. Har yanzu kana gefen fili, kanka a ƙasa, kana jiran wani ya yi maka ihu, yau Baffa, gobe Mushe, jibi wata tsohuwa a jarida da ba ka taɓa gani ba. A kan ƙafar Nafi'u na ce maka kada, don ƙafar yaro ce, ba ta jiran ka gama tunani. Sauran kuwa, ko za ka sake zama bak, ko za ka nemi wata ƙungiya, ko za ka riƙe shanu, ba zan yi maka kira ba. Ni ba idonka ba ce. Ka ɗago kai ka duba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya tsare ƙafafun Nafi'u daga kowa, har da kai. In ka taɓa yaron nan, kada ka sake rubuto mini.

Tanti Balki